Ofis a Falo, Oga a Waya: Me Ya Sa Aiki daga Gida Ya Karɓi Wasu Ƙasashe, Ya Ƙi Wasu?

A watan Afrilun 2020, lokacin da Firaminista Shinzo Abe ya kafa dokar ta-ɓaci a Tokiyo da wasu manyan yankunan Japan saboda annobar korona, gwamnati ta roƙi kowa ya zauna a gida. Duk da haka, kowace safiya sai a ga wasu ma'aikata sanye da takunkumi a tashar jirgin ƙasa, sun nufi ofisoshin da suka zama kufai. Ba likitoci ba ne, ba kuma masu gadi ba. Akantoci ne da ma'aikatan sashen mulki, kuma abin da ya fito da su bai wuce tsawon ɗan yatsa ba: hatimi. A Japan ta wancan lokacin takarda ba ta cika takarda sai an dangwala wani ɗan guntun icce mai ɗauke da sunan mutum ko na kamfani a jar tawada an buga a kanta. Kwangila, takardar biyan kuɗi, takardar neman hutu, duk sai da shi. Mutum zai yi tafiyar awa guda a jirgi, ya buɗe durowa, ya buga hatimi a takardu uku ko huɗu, ya tura su ta na'urar fakis, ya kamo hanyar gida.

Abin ya zama abin kunya ga ƙasar da duniya ta sani da mutum-mutumi da jirgin ƙasa mai gudun tsiya. A watan Satumbar shekarar aka naɗa Taro Kono ministan gyaran aikin gwamnati, ya kuwa ɗaura ɗamarar yaƙi da hatimi da fakis. Kafin shekarar ta ƙare aka sanar cewa cikin harkokin gwamnati kusan 15,000 da ake neman hatimi a kansu, sama da kashi 99 cikin 100 za a daina nema. Da a ce hatimi ne kaɗai ya tsare Japanawa a ofis, da magana ta ƙare a nan. Sai ga shi annoba na lafawa, jiragen safe suka sake cika maƙil.

A 2023 wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da Nicholas Bloom na jami'ar Stanford da Steven Davis, suka tambayi ma'aikata a ƙasashe 34 kwana nawa suke yin aiki daga gida a mako. Kanada ce a kan gaba da kwana 1.7, sai Birtaniya da 1.5, Amurka 1.4. Japan ta tsaya a 0.5, Koriya ta Kudu kuwa 0.4. In aka haɗa, ƙasashen da ke magana da Ingilishi sun ninka na Asiya. Kwamfutar ɗaya ce, Zoom ɗin ɗaya ne, intanet ɗin Koriya ma yana cikin mafi sauri a duniya. Ke nan ba na'ura ce ta raba su ba.

Abin da ya fi damun masu kamfanoni ba wurin da ma'aikaci yake zaune ba ne, zuciyarsa ce. Masu nazarin harkar aiki sun daɗe da bambanta zuwa aiki da kishin aiki. Akwai mai zuwa ya cika awa takwas ya jira ƙarshen wata, akwai kuma wanda ya ɗauki aikin tamkar nasa, in ya ga ɓaraka ya ɗinke ba sai an ce masa ba. Kamfanin Gallup na Amurka ya shahara wajen auna wannan da tambayoyi 12. Ana tambayar ma'aikaci ko ya san abin da ake so ya yi, ko an yaba masa a cikin kwana bakwai da suka wuce, ko ana jin shawararsa, ko akwai wanda ya damu da shi a matsayinsa na mutum, har ma ko yana da amini a wurin aiki. A rahoton da suka fitar a 2025, kashi 21 cikin 100 kacal na ma'aikatan duniya ne suka shiga sahun masu kishi. Amurka da Kanada suna da kashi 31, Turai kuwa tana ƙarshe da kashi 13.

Wani abu a rahoton ya ba mutane mamaki. Masu aiki daga gida zalla su ne suka fi kowa kishi, da kashi 31. Masu raba ƙafa, rabi gida rabi ofis, suna da 23, waɗanda aikinsu ba ya yiwuwa sai a wurin aiki kuma 19. Amma su dai waɗannan na gida su ne suka fi kukan kaɗaici: a rahoton 2024, kashi 25 nasu sun ce sun wuni cikin kaɗaici, na ofis kuwa kashi 16. Mutum yana son aikinsa, yana yin sa da kyau, amma ba shi da wanda zai yi wa ƙorafin ciwon kai.

Sai dai waɗannan alƙaluma suna buƙatar a karanta su da hattara. A rahoton 2024 Gallup ya ba Japan kashi 6 kacal. Wannan ita ce ƙasar da a 2017 wani kamfanin jirgin ƙasa ya fito ya ba da haƙuri a rubuce saboda jirginsa ya tashi daƙiƙa 20 kafin lokaci. Da wuya a yarda cewa kashi 94 na irin waɗannan mutane ba ruwansu da aikinsu. Masu binciken ra'ayin jama'a sun daɗe da lura cewa in aka ba mutumin gabashin Asiya zaɓi daga 1 zuwa 5, yakan guji ƙarshen ma'auni ya tsaya a tsakiya, don cika baki ba ɗabi'arsa ba ce, Ba'amurke kuwa ba ya jin nauyin zaɓar 5. Sannan tambayar ko oga ya yaba maka a wannan makon tambaya ce da aka haifa a Amurka. A wurare da dama shirun babba shi ne yabonsa. Ma'aunin kansa yana da ƙasar haihuwa, kuma kamfanin da ya ɗauke shi ya gwada ma'aikatansa na Osaka da na Teksas ba tare da tunanin wannan ba, zai yanke hukunci a kan waɗanda ba su yi laifi ba.

Wanda ya leƙa ofishin gargajiya na Japan zai gane inda gizo ke saƙa. Ba ɗakuna, ba shamaki. Tebura ne a jere suna fuskantar juna, shugaban sashe yana zaune a ƙarshen layi yana ganin kowa, kowa yana ganinsa. Manyan kamfanoni suna ɗaukar sababbin ma'aikata a tare a watan Afrilu, kai tsaye daga jami'a, kuma ba don wani takamaiman aiki ake ɗaukar su ba, cikin kamfanin ake shigar da su, a riƙa juya su daga sashe zuwa sashe. Sau da yawa babu takardar da ta fayyace iyakar aikin mutum. Yaro yana koyo ne ta kallon na gaba da shi: yadda yake amsa waya, yadda yake miƙa katin sunansa da hannu biyu, lokacin da yake yin shiru. Shi kuma babba yana auna na ƙasa da shi ne da abin da idonsa ya gani, wato wa ya zo da wuri, wa ya tsaya ya taya wani, wa bai tashi ba sai da oga ya tashi. Maganar da ba a iya faɗa a ofis, ana faɗinta ne da dare a wurin ci da sha, inda ƙarami ke samun damar sakin baki. An gwada yin wannan zama ta bidiyo a 2020, kowa da kofinsa a gaban kwamfuta, abin bai yi ƙarko ba.

In aka ɗauke wannan ofis aka tura kowa gida, yaro ya rasa wanda zai kalla, babba ya rasa abin da zai auna. Shi ya sa kamfanonin Japan da suka yi da gaske ba su tsaya ga raba kwamfutoci ba. Fujitsu, wanda a Yulin 2020 ya sanar da cewa ma'aikatansa kusan 80,000 za su koma aiki daga gida kuma zai rage rabin ofisoshinsa a Japan, sai da ya sauya tsarin ɗaukar aiki da ƙarin girma, aka rubuta wa kowace kujera abin da ake nema daga mai zama a kanta. Kamfanin sadarwa na NTT kuma a 2022 ya ba ma'aikata kusan 30,000 damar zama a duk inda suka ga dama a cikin ƙasar. Ɗaya daga cikin dalilansa shi ne kawo ƙarshen tsohuwar al'adar tura magidanci wani gari shi kaɗai na tsawon shekaru, ya bar mata da 'ya'ya a baya.

A Amurka da Birtaniya da Ostireliya lamarin ya fi sauƙi, don tun asali ana ɗaukar mutum ne don wani aiki da aka rubuta a takarda, kuma ana auna shi da abin da ya kawo. Tun tsakanin 1967 da 1973 wani masani ɗan ƙasar Holan, Geert Hofstede, ya tattara amsoshi sama da 100,000 daga ma'aikatan kamfanin IBM a ƙasashe da dama, ya fitar da ma'aunin da ke nuna yadda al'umma ke fifita ɗaiɗaikun mutane ko kuma jama'a. A ma'auninsa na farko Amurka ta sami maki 91 wajen kowa-tasa-ta-fisshe-shi, Japan 46, Koriya ta Kudu 18. An yi ta sukar wannan ma'auni, da hujja kuwa, tunda ma'aikatan kamfani guda ba su ne ƙasa ba. Duk da haka, da Bloom da abokan aikinsa suka ɗora shi a kan alƙaluman aiki daga gida, sai suka ga shi kaɗai ya bayyana kusan kashi ɗaya bisa uku na bambancin da ke tsakanin ƙasashen.

Gwajin da ya fi kowane shahara a wannan fage ba a Amurka aka yi shi ba, a Shangai ne, shekara goma kafin korona. Kamfanin Ctrip, babban dillalin tikitin jirgi da ɗakunan otal a Chaina, yana fama da tsadar haya da yawan ajiye aiki. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, James Liang, yana karatu a Stanford a lokacin, sai suka haɗa kai da Bloom. Aka ɗauki masu amsa wayar abokan ciniki kusan 250 da suka nuna sha'awa, aka raba su biyu ta ƙuri'ar ranar haihuwa. Rabi suka koma gida kwana huɗu a mako, rabi suka ci gaba da zuwa ofis, na tsawon wata tara. Na gida suka fi na ofis aiki da kashi 13 cikin 100. Ba sa makara a hanya, ba sa yawan hutun rashin lafiya, kuma babu hayaniya a kusa da su. Ajiye aiki a cikinsu ya ragu da rabi.

Kamfani ya ji daɗi, ya ce duk mai so ya koma gida. A nan ne abin mamaki ya faru: kusan rabin waɗanda suka ɗanɗana zaman gida suka ce a mayar da su ofis. Dalilin da suka fi bayarwa shi ne kaɗaici. Da yawansu matasa ne, ofis ne inda suke samun abokai da abokan cin abincin rana. Akwai kuma dalili na biyu da alƙaluma suka tabbatar: in aka kwatanta mutum biyu masu ƙwazo iri ɗaya, na gida ya fi jinkirin samun ƙarin girma. Wanda oga ba ya gani, ba ya faɗo masa a rai ranar rabo.

Sai kuma batun yarda, wanda shi ne ya fi wahalar gani a kan allo. Erin Meyer, malama a makarantar kasuwanci ta INSEAD da ke Faransa, ta jera ƙasashe bisa yadda ake gina yarda a wurin aiki. A gefe ɗaya akwai Amurka, Denmak, Holan da Jamus, inda ake yarda da mutum don ya cika alkawarin aiki: ya ce Talata, ya kawo Talata. A ɗaya gefen akwai Indiya, Chaina, Saudiyya, da Najeriya a can ƙarshen layi, inda sai an zauna, an ci abinci tare, an san wane ne mutum da gidan da ya fito, sannan a saki jiki da shi. Yarda irin ta farko tana tafiya ta waya ba tare da ta zube ba. Ta biyu kuwa ba ta yi.

A ɗauki misalin taron da ake yi kullum a manyan kamfanoni. Manaja yana Amsadam, ma'aikatansa suna Bangalo da Tokiyo da Legas, kowa a cikin ɗan akwatinsa a kan allo. Ya gama bayanin sabon tsari, ya tambaya ko akwai mai ja. Shiru. Ya ƙirga daƙiƙa uku, ya ce to an amince, ya wuce. A garinsu wanda bai yarda ba yakan faɗa a take, ko da shugaban kamfani ne a gabansa. Amma injiniyar da ke Bangalo ta ga inda tsarin zai karye, sai dai ba za ta ƙaryata babba a gaban jama'a ba. Na Tokiyo yana jiran a ba shi sarari, kuma a wurinsa daƙiƙa uku ba shiru ba ne tukuna. Na Legas yana shirin kiran manajan shi kaɗai bayan taro. Da a ofis ne, ɗayansu zai tare shi a baranda ko wurin shan shayi ya ce, ranka ya daɗe, akwai wata 'yar magana. Taron bidiyo ba shi da baranda. Ana danna jan maɓalli, kowa ya ɓace. Bayan wata biyu tsari ya karye, manaja ya ce ma'aikatansa ba su da kishi, su kuma su ce ba a jin maganarsu.

Haka rubutu ma. Kamfanin GitLab, wanda ba shi da ofis ko ɗaya kuma ma'aikatansa suna warwatse a ƙasashe fiye da 60, ya rubuta komai na aikinsa a wani kundi mai dubban shafuka da kowa zai iya karantawa a intanet. Dabara ce mai kyau, amma ta fi karɓar wanda ya saba a faɗa masa magana ƙeƙe-da-ƙeƙe. Saƙon layi ɗaya da ke cewa aikin nan bai yi ba, a gyara, gaskiya ce kawai a wurin Bajamushe. A wurin wanda ya tashi inda ake nannaɗe gyara a cikin gaisuwa da yabo, mari ne, kuma babu murmushi ko dafa kafaɗa da zai sanyaya shi. Manajojin da suka ƙware sukan tura batun taro kwana ɗaya kafin a zauna, su buɗe hanyar ba da shawara a rubuce, su kira mutane ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa ba kowa ke yi ba.

Turawan Turai nasu tsoron daban ne. Ba su damu da oga ba ya ganinsu ba, sun damu ne kada ya biyo su har cikin ɗaki. Tun ƙarshen 2011 kamfanin Volkswagen ya yarda da ƙungiyar ma'aikatansa a Jamus cewa za a daina tura saƙon imel zuwa wayoyinsu minti 30 bayan an tashi aiki. Faransa ta mayar da abin doka daga 1 ga Janairun 2017: kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye dole ya zauna da su a tsara lokacin da suke da 'yancin kashe waya. Fotugal ta fi kowa zafi. A Nuwambar 2021 majalisarta ta hana shugabanni tuntuɓar ma'aikaci bayan lokacin aiki sai da larura, ta ɗora wa kamfani ƙarin kuɗin wuta da intanet da aikin gida ya jawo, ta kuma wajabta a riƙa haɗuwa ido da ido aƙalla sau ɗaya a wata biyu don maganin kaɗaici. Ostireliya ta bi sahu da tata dokar a Agustan 2024.

Ita ma Turai ba ɗaya ba ce. A 2019, kafin annoba, kashi 14 cikin 100 na ma'aikatan Holan da Finlan sun riga sun saba aiki daga gida, alhali a Bulgeriya da Romaniya ba su kai kashi 1 ba. Dokar lokacin aiki ta Finlan da ta fara aiki a 2020 ta ba da damar a yi yarjejeniyar da ma'aikaci zai zaɓi wuri da lokacin aƙalla rabin aikinsa. Abin dariya shi ne, Gallup ɗin da ya ajiye Turai a ƙarshe wajen kishin aiki, alƙalumansa ne kuma ake amfani da su wajen bayyana Finlan ƙasar da ta fi kowa farin ciki a duniya, shekara bayan shekara tun 2018. Mai yiwuwa mutanen can sun ajiye aiki ne a inda suke ganin ya dace da shi.

Ba komai ne kuma al'ada ba, wani lokaci bango huɗu ne kawai. Magidancin da ke wajen birnin Dalas yana da ɗakin da ya ware ya rufe ƙofa, ga tafiyar awa guda a mota da ya huta da ita. Takwaransa na Tokiyo ko Hon Kon yana ciki ɗaya da falo, teburin cin abinci ne ofishinsa, kuma jirgin ƙasa yana kai shi aiki a kan lokaci. A Indiya an auna wannan da kyau. Wani bincike a kan ma'aikata sama da 10,000 na wani babban kamfanin fasahar kwamfuta ya gano cewa da suka koma gida, awannin aikinsu sun ƙaru, amma abin da suke samarwa a kowace awa ya ragu da kashi 8 zuwa 19. Tarurruka sun yi yawa, ganawa da shugaba kai tsaye ta ragu, kuma masu yara a gida sun fi jin jiki. Wani gwajin a birnin Chennai, a kan masu shigar da bayanai a kwamfuta, ya nuna na gida sun gaza na ofis da kashi 18.

Babban kamfanin TCS na Indiya, wanda a 2020 ya yi shelar cewa zuwa 2025 kashi 25 kacal na ma'aikatansa ne za su buƙaci zama a ofis, ya janye maganar a 2023 ya kira mutane su dawo, daga baya ma ya ɗaura wani ɓangare na alawus a kan zuwa ofis. A rahotonsa na 2023 ya amsa cewa mata sun fi maza ajiye aiki, saɓanin yadda aka saba, kuma shugaban sashen ma'aikata ya danganta hakan da yadda zaman gida ya sauya tsarin hidimar iyali ga wasu matan. Takwaransa Wipro kuma a 2022 ya kori mutum 300 da aka kama suna yi wa abokan gogayyarsa aiki a ɓoye daga gida.

Kada a ɗauka Amurka ta gama warware tata. Tun Fabrairun 2021 shugaban bankin Goldman Sachs, David Solomon, ya ce aiki daga gida karkacewa ce da za a gyara da wuri. Amazon ya umarci ma'aikatan ofisoshinsa su dawo kwana biyar daga Janairun 2025, a watan ne kuma Shugaba Trump ya ba ma'aikatan tarayya irin wannan umarni. Wani binciken Microsoft na 2022 a ƙasashe 11 ya nuna tsagar da ke tsakani: kashi 87 na ma'aikata sun ce suna aiki yadda ya kamata, kashi 85 na shugabanni sun ce yana yi musu wuya su gaskata. Daga nan aka shiga wasan ɓuya. Kamfanoni suka sa manhajar leƙen asiri mai ƙirga danne-dannen madannai, ma'aikata suka sayi 'yar na'ura mai motsa linzamin kwamfuta don a ga kamar suna nan. A 2024 bankin Wells Fargo ya kori fiye da mutum goma sha biyu saboda irin wannan. Aikin ganin ido bai mutu ba, ya koma intanet ne.

A Najeriya maganar ta shigo ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce ta matasa masu rubuta manhaja da zane da fassara, waɗanda ke yi wa kamfanonin waje aiki suna karɓar dala. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 don horar da irinsu, ya rufe ofisoshinsa a 2020 ya koma aiki daga nesa gaba ɗaya. Ta biyu ta gwamnati ce, kuma ba sha'awar zamani ce ta kawo ta ba, kuɗin mota ne. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, jihar Edo ta rage zuwa ofis zuwa kwana uku a mako, Legas ma ta yi haka ga ƙananan ma'aikata da matsakaita a Fabrairun 2024.

Wanda ya san gidan Bahaushe ya san irin gwagwarmayar da ke jiran mai aiki daga ɗakinsa a Kano ko Zariya ko Maraɗi. Ga wuta da ke zuwa lokacin da ta ga dama, ga kuɗin data, ga ƙarar janareton maƙwabci. Waɗannan kuɗi yana maganinsu, a sa sola, a sayi batir. Abin da kuɗi ba ya magani shi ne fahimtar gida. Yana tsakiyar taro da mutanen Landan, Hajiya ta ɗaga labule: tunda kana gida, tashi ka kai wa gwaggonka saƙon nan. Baƙo ya yi sallama a zaure, kuma babu yadda za a ce masa maigida yana ciki amma ba zai fito ba. Maƙwabci ya tare shi bayan La'asar yana yi masa addu'ar Allah Ya kawo aiki. A ɗaya ɓangaren kuma, an sa taro ƙarfe ɗaya da rabi ranar Juma'a, kalandar kamfani ba ta san Sallah ba, ya rubuta wa shugabarsa gaisuwa layi uku yana tambayar iyali, ta maido masa da hoton babban yatsa. Mutumin da ya tashi yana jin cewa zumunta a ƙafa take, yana aiki shekara biyu da mutanen da bai taɓa yin musabaha da su ba. Ba mamaki wuraren haya na zaman aiki tare, masu wuta da intanet, suke samun kasuwa a Legas da Abuja da Kano. Wasu don wutar suke zuwa, wasu don su ga mutane.

Kamfanin nan na Shangai, wanda yanzu ake kira Trip.com, ya sake gwaji a 2021, wannan karon da injiniyoyi da ma'aikatan talla da na kuɗi su 1,612. Ba a tura kowa gida gaba ɗaya ba. An ba rabinsu damar zama a gida ranakun Laraba da Juma'a kawai, sauran kwana ukun kowa yana ofis tare da abokan aikinsa, ana cin abincin rana tare, oga yana ganin kowa. Sakamakon da mujallar kimiyya ta Nature ta buga a 2024 ya nuna ajiye aiki ya ragu da kashi ɗaya bisa uku, musamman a tsakanin mata da masu doguwar tafiya zuwa ofis. Da aka bi su shekara biyu, ba a ga bambanci a ƙwazo ko ƙarin girma ba. Manajoji 395 da ke cikin gwajin sun shiga suna hasashen aiki zai ragu da kashi 2.6 cikin 100, suka fito suna cewa ya ƙaru da kashi 1. A 2022 kamfanin ya buɗe tsarin ga sauran ma'aikatansa, bayan ya lissafa cewa duk mutum ɗaya da ya ajiye aiki yana jawo masa asarar kusan dala 20,000 wajen nemo wani da horar da shi.